Kuɗin Fito Bashi Ne Mai Bin Mota: Abin Lura Kafin Mu Sayi Bas Daga Waje

Duk wanda ya shiga kasuwar motoci a Kaduna, Jos, Kano ko Abuja yana neman bas ko motar ɗaukar kaya a 'yan shekarun nan ya san abin da zan faɗa. Mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, lafiyar inji kusan ɗaya, amma farashi biyu. Dillali zai nuna maka ta farko ya ce wannan ta Legas ta shigo, an biya mata kuɗin fito cif. Sai ya ja ka gefe ya nuna maka ta biyu, ya sassauta murya ya ce wannan ta fi sauƙi da miliyoyin naira, ita ma tana da takardu, kuma ba wanda zai tsayar da kai a hanya. Mutanenmu da yawa ta biyun suke ɗauka, suna murna sun yi dace. Ina so mu duba inda wannan ragin yake fitowa, gama a mafi yawan lokaci kuɗin gwamnati ne da wani bai biya ba, kuma bashin yana manne da motar duk inda ta tafi, ko da ta canza hannu sau biyar.

Maganar ta shafi gidaje da yawa a cikinmu. Akwai ma'aikacin da ya yi ritaya ya karɓi garatutinsa yana so ya sa bas a layin Jos zuwa Abuja. Akwai manomin da ya gaji da biyan kuɗin lodi, yana so ya riƙa kai dankalinsa daga Bokkos ko cittarsa daga Kachia da motar kansa. Akwai zumuntar mata da ta yi shekara uku tana adashi da noman haya domin ta sami motar zuwa taro da jana'iza. Akwai kuma ɗan'uwa a Turai ko Amurka da ya ce zai saya wa gida mota ya sa a jirgi. Dukansu kuɗin gumi ne, irin wanda ba a tara shi sau biyu.

Bari mu fara da yadda ake lissafin fito. Yawancin motocin da aka yi amfani da su, waɗanda muke kira tokumbo ko Beljiyam, suna sauka ne a tashar Tin Can Island ta Legas, musamman sashen PTML inda jiragen dakon motoci ke tsayawa. Sunan Beljiyam ɗin ma ya samo asali ne daga tashar Antwerp ta wannan ƙasa, inda aka daɗe ana loda tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. Kwastan tana haɗa ƙimar motar da kuɗin jirgi da inshorar hanya, a kan wannan jimillar take yanka kasonta. Bayan fito akwai ƙananan haraje-haraje, kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙungiyar ECOWAS, sa'an nan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan duka, har da fiton da aka riga aka lissafta. Watau haraji ake biya a kan haraji. Ban da waɗannan akwai kuɗin kamfanin jirgi, kuɗin ajiya a tasha, ladan ejan da zai fitar da motar, da kuɗin kawo ta arewa.

Kaso nawa za a yanka? Wannan ya dogara ga rukunin da motar ta faɗa. Jadawalin harajin kwastan yana da gidaje uku da suka shafe mu: lamba 8702 ta motocin da ke ɗaukar mutum goma ko fiye har da direba, 8703 ta ƙananan motoci, 8704 kuma ta motocin dakon kaya. Dokar Kuɗi ta 2020, wadda ta fara aiki a Janairu 2021, ta sauko da fiton bas-bas da motocin kaya daga kashi 35 zuwa kashi 10, da nufin rage tsadar sufuri. Ƙananan motoci tsofaffi kuwa, a Afrilu 2022 aka sa musu fito kashi 20 da ƙarin haraji kashi 15, jimilla 35. A nan ne mutane ke ruɗewa. Toyota Sienna ko Volkswagen Sharan, wadda direbobinmu ke kira Sharon, ko da haya za ka yi da ita tun ranar farko, a idon kwastan ƙaramar mota ce, domin kujerunta ba su kai goma ba. Toyota Hiace mai kujera goma sha huɗu tana gidan bas. Ford Transit ko Mercedes Sprinter da ta zo a rufe, ba tagogi ba kujerun baya, tana gidan kaya. Ƙirar motar kwastan take dubawa, ba ta tambayar abin da kake niyyar yi da ita.

Mu ɗauki misali domin a gani a fili. A ce mota ce da ƙimarta, haɗe da kuɗin jirgi da inshora, ta kama dala 10,000. In kashi 10 aka yanka mata, fito dala 1,000 ke nan, VAT kuma kamar dala 825, jimilla wajen dala 1,825 kafin ƙananan haraje-haraje. In kashi 35 ne, dala 3,500 da VAT kamar dala 1,010, jimilla wajen dala 4,500. Yanzu sai a juya wannan zuwa naira, kuma a nan ne abin ya fi ciwo. Har zuwa tsakiyar Yuni 2023 kwastan tana lissafin dala ɗaya a kan kusan naira 422. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin wannan watan, canjin kwastan ya hau zuwa 589, ya wuce 770 a Yuli, ya kai 951 a Disamba, a Fabrairu 2024 kuma ya haura 1,500. Saboda haka motar nan mai kashi 35, wadda a farkon Yuni 2023 za a biya mata wajen naira miliyan 1.9, cikin wata takwas ta koma wajen miliyan 6.7. Mai kashi 10 ta tashi daga wajen naira 770,000 zuwa miliyan 2.7. Ba wanda ya ƙara kason fito ko da ɗigo, darajar naira ce ta zube. A lura kuma da tazarar da ke tsakanin gidajen biyu a sabon canjin: kusan naira miliyan huɗu a kan mota guda. Wannan tazarar ita ce gonar masu wasa da takardu.

Da can ƙimar mota abin ciniki ce tsakanin ejan da jami'in da ke kan tebur. A farkon 2022 kwastan ta kawo tsarin ƙima ta lambar jikin mota, wadda direbobi ke kira lambar shasi, a takardu kuma VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a jerin yana nuna shekarar ƙira. Da zarar an saka lambar a kwamfuta sai ta fitar da ƙimar da za a yi lissafi a kanta. Ejan-ejan na Legas suka tafi yajin aiki a Fabrairu na shekarar, aka dakatar da tsarin na ɗan lokaci, aka gyara, aka dawo da shi a Mayu. A ganina tsarin yana da kyau ta fuska guda, gama ya rage ciniki a bayan ƙofa. Amma ya zo da nasa nauyin. An rage shekarun tsohuwar motar da za a iya shigowa da ita daga 15 zuwa 12, kuma motocin da suka fi haka tsufa aka riƙa yi musu ƙima kamar ƙirar 2013. Wa ke sayen bas mai shekara goma sha biyar? Talaka ne. Shi ne ya wayi gari yana biyan fiton motar da ta fi tasa daraja nesa.

Kamar wannan bai isa ba, a 2025 aka shiga rikicin harajin kashi 4 na farashin kaya, wanda Dokar Hukumar Kwastan ta 2023 ta tanada. An fara karɓarsa a Fabrairu, aka yi kuka, aka dakatar cikin 'yan kwanaki. Aka dawo da shi a Agusta, a Satumba ministan kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya sake ba da umarnin dakatarwa. Mota tana yin makonni a teku. Mutumin da ya yi lissafinsa ranar da aka loda ta, sai ya tarar da wani lissafi dabam ranar da ta sauka, kuma kowace rana da ta ƙara a tasha yana neman cikon kuɗi, kuɗin ajiya yana hawa. Saboda haka duk kason da na ambata a sama, wanda zai shigo da mota ya sa ejansa ya nuna masa na ranar a rubuce kafin ya tura ko sisi ƙasar waje, ya kuma ware wani abu a gefe don canji.

Dalilin da gwamnati ke bayarwa na tsawwala fito shi ne a kare masana'antun gida. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna lokacin da kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, yake fitar da dubun-dubatar motoci a shekara. Daga can 504 da 505 suke fitowa, da J5 wadda ta yi shekaru tana dakon tumatir da fasinja a duk faɗin arewa. Akwai Steyr a Bauchi, akwai kamfanin manyan motoci a Kano, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Enugu. Yawancinsu sun durƙushe. Tsarin motoci da gwamnatin Goodluck Jonathan ta fitar a 2013 ya kai fito da ƙarin haraji na ƙaramar mota zuwa kashi 70 domin a farfaɗo da su. Yau akwai Innoson a Nnewi, akwai sabon kamfanin Dangote da Peugeot a hanyar Kaduna zuwa Abuja, da wasu masu harhaɗa motoci, kuma muna musu fatan alheri. Amma a je tashar mota a Kafanchan ko Mubi ko Zuru a ƙirga bas nawa ne sabbi ƙirar gida. Direban haya ba shi da bankin da zai ba shi rance mai sauƙin ruwa ya sayi sabuwa. Shingen da aka kafa don kare gona ya tsaya, gonar kuwa ba ta ciyar da gari ba tukuna, fasinja ne ke biyan kuɗin shingen a kowace tafiya.

Sai batun iyakokin ƙasa, wanda ya fi shafarmu mu na arewa. Shekaru da yawa motocinmu ta Kwatano suke zuwa. Wasu su shigo ta Seme da Idiroko, wasu su haura Nijar su sauko ta Kamba, Illela, Jibiya ko Maigatari, kuma mai son gaskiya yana iya biyan fitonsa a ofishin kwastan na bakin iyaka ya karɓi takarda ta gaske. A Disamba 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta ƙasa, dokar ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2017. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, da aka sake buɗe huɗu daga cikinsu a Disamba 2020 kuma ba a ɗage haramcin motoci ba. Abin da dokar ta rufe shi ne tagar karɓar kuɗi. Hanyoyin daji suna nan yadda suke, motoci kuma ba su daina bin su da dare ba. Bambancin kawai shi ne motar da ta biyo daji yanzu ba ta da inda za ta biya fito ko da mai ita yana so, saboda haka dole a nema mata takardar ƙarya. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya sun ƙara dagula wannan hanya, amma ba su kashe ta ba.

Takardun ƙarya iri uku ne, kuma ba su yi daidai da juna wajen wuyar ganewa ba. Na farko jabu ne tsantsa, an buga su a wani shago da tambari da sa hannu, babu su a kwamfutar kwastan. Na biyu takardu ne na gaske amma na wata mota dabam, an goge lambar shasi an rubuta ta wannan. Na uku shi ya fi kama mutanen kirki. Motar ta Legas ta shigo, an biya kuɗi a banki, rasit na gaske ne, amma an rage mata shekaru a takarda, ko an ce mai haɗari ce alhali lafiyarta ƙalau, ko an sa ta a gidan da ba nata ba. An biya, amma ba a cika ba. Ranar da jami'an sintiri na shiyya ta B da ke Kaduna ko shiyya ta D da ke Bauchi suka tsayar da motar suka duba, ba za su nemi ejan da ya yi aikin shekara uku da suka wuce ba, ba kuma za su nemi dillalin ba. Wanda motar ke hannunsa shi za a rubuta wa takardar neman cikon kuɗi. In kuwa ba a biya komai ba tun farko, doka ta ba su ikon kama motar, kotu ta mallaka wa gwamnati, ta ƙare a gwanjo. Cewa ka saya da zuciya ɗaya ba ya sake ta.

Gwamnati ta san yawan irin waɗannan motoci a kan hanya, shi ya sa take buɗe ƙofar afuwa lokaci-lokaci. A Maris 2017 shugaban kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya ba masu motoci wata guda su je su tantance takardunsu su biya abin da ake bin su. Majalisar Dattawa ta tayar da ƙura, maganar ta koma gardama a kan ko zai sa kaki ya bayyana a gabanta, aka dakatar da shirin, matsalar kuma ta zauna inda take. A Maris 2024, a ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, aka sake ba da kwana 90, da farko tare da tarar kashi 25, daga baya aka janye tarar. Motocin da aka riga aka kama aka yanke musu hukunci ba su shiga ciki ba. Wanda ya yi amfani da wannan dama ya biya ne a canjin 2024, watau bashin da wani ya guje wa lokacin dala tana ƙasa da naira 500, shi ya biya shi ninki uku.

Tantancewa ba ta da wuya, kuma ya kamata a yi ta kafin kuɗi ya bar hannu. Takardar shigo da kaya ta kwastan tana ɗauke da lambar rajista da ake kira lambar C, da shekarar biya, da sunan tashar da aka biya. Da waɗannan ana iya zuwa ofishin kwastan a nemi a duba, a ƙarshen 2025 kuma hukumar ta buɗe hanyar dubawa ta intanet da lambar VIN. Kada a tsaya a kan cewa lambar tana cikin kwamfuta. A tambaya wace irin mota ce aka rubuta, ƙirar wace shekara, nawa aka biya. A ɗaga kujera ko a leƙa gindin gilashin gaba a karanta lambar da ke jikin ƙarfen da ido, harafi bayan harafi, a gwada da ta takarda. Dillalin da ya ce babu lokaci, wani yana zuwa da kuɗi da yamma, a bar masa motarsa.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, cewa tunda mota tana da lamba ai an gama da kwastan. Hukumomi biyu ne dabam. Fito na gwamnatin tarayya ne. Rajista da lasin na jiha ne, ana yin su a hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma ita ke kula da buga lambobin. A ƙa'ida ba a yi wa mota rajistar farko sai da takardun kwastan, an ma kafa rumbun rajistar motoci na ƙasa, VREG, a 2021 domin a haɗa bayanan wuri guda. Duk da haka motoci masu takardun jabu suna samun lamba, domin ba kowane ma'aikacin lasin ne ke bin diddigi ba. Kuɗin rajista kansa ƙarami ne in aka gwada da fito. Lambar mota ta yau da kullum ta tashi daga naira 18,750 zuwa 30,000 a Yuni 2025, akwai kuma naira 1,000 ta shaidar mallaka da aka ce a riƙa biya kowace shekara tun Yuli 2023. Abin da ke cin mai bas a hankali shi ne tarin ƙananan takardu da ke biyo baya: takardar lafiyar mota daga VIO, izinin haya, na'urar taƙaita gudu da FRSC ta fara tilastawa motocin haya a Fabrairu 2017, sitikar ƙaramar hukuma kaza da kaza, da kuɗin 'yan ƙungiya a tasha kowace safiya.

Launin lamba yana da muhimmanci fiye da yadda muke zato. Rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Ikkilisiyoyi da yawa suna yi wa bas rajistar gida, sa'an nan daga Litinin zuwa Asabar a ba direba ya yi lodi da ita domin ta ciyar da kanta. Na fahimci dalilin, man fetur da taya ba sa jiran Lahadi. Amma inshorar motar gida, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023, ba ta ɗaukar nauyin motar da ake haya da ita. Ranar da aka yi haɗari da fasinjan da suka biya kuɗin mota, kamfanin inshora zai janye jiki, iyalan waɗanda suka ji rauni kuma ƙofar dattawan ikkilisiya za su zo. In za a yi haya, a yi rajistar haya da inshorar haya. A kuma duba inshorar a rumbun NIID, gama ta jabu tana da yawa a bakin ofisoshin lasin, 'yan sanda kuwa sun tsananta bincikenta tun 1 ga Fabrairu 2025.

Akwai abu biyu da suka wuce maganar kuɗi, suka taɓa rai. Na farko shi ne sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, dokokin hanya kuma sun hana yin rajistar mota mai sitiyari a dama. Bas-bas na Japan da Ingila suna da araha da ƙwari, saboda haka ake sayensu a kai wa makanike ya ciro sitiyari da birki da kuloci ya mayar da su hagu, wani lokaci da walda a inda bai kamata wuta ta taɓa ba. Ana iya gane su. Ƙofar fasinja mai zamewa tana ɓangaren hagu, watau tana buɗewa cikin titi inda motoci ke wucewa maimakon bakin hanya. Abin share gilashi yana kwanciya ta baibai, sandar sigina tana hannun dama. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna sauka daga irin wannan bas a bakin babbar hanya ya san abin da nake tsoro. Na biyu shi ne motar kaya da aka mayar bas. An shigo da ita a gidan kaya, mai walda ya yanka tagogi ya jera benci biyar, aka zuba mutum goma sha takwas da buhuna a baya. Daɓen motar ba a yi shi don riƙe kujeru ba, babu bel, kuma in aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, benci kan tsinke ya taho gaba da mutanen da ke kansa. Wanda fasinja zai ɗauka ya sayi wadda aka ƙera don fasinja, ko da za ta ƙara masa wata shida na tara kuɗi.

Wata magana da nakan ji a taron kwamiti ita ce, ai ikkilisiya ba ta biyan haraji. Gaskiya ne doka ta yafe wa ƙungiyoyin addini harajin kuɗin shiga a kan baiko da gudummawa, muddin ba daga kasuwanci suka fito ba. Wannan bai shafi fito ba. Ko kyauta abokan aiki na ƙasar waje suka aiko da motar don asibiti ko makaranta, kwastan za ta yi mata ƙima ta nemi kuɗinta, sai in an sami takardar yafe fito daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, wadda ake kira IDEC. Ana neman ta ne tun kafin a loda motar, ba kowa ake ba ba, tana kuma ɗaukar lokaci. Motocin kyauta sun sha ruɓewa a tashar Legas saboda masu karɓa sun ɗauka rubuta sunan ikkilisiya a jikin takarda ya isa, kafin su farga kuɗin ajiya ya fi kuɗin motar. Wani lokaci ya fi sauƙi a roƙi mai kyautar ya aiko da kuɗin a sayi mota a nan.

Game da ejan da zai ce wa kwamiti a bar masa, zai san yadda zai yi ya rage, ya kamata mu kira abin da sunansa. Rage shekarun mota a takarda shaidar zur ce da aka sa hannu a kanta da sunanmu. Sura ta 13 ta wasiƙar Romawa ta yi maganar biyan haraji da kuɗin fito a fili, kuma an rubuta ta ne a ƙarƙashin gwamnatin da ba ta fi tamu adalci ba. Matiyu ma a teburin karɓar irin wannan kuɗi yake zaune a Kafarnahum sa'ad da aka kira shi. Wannan bai hana mu faɗa wa hukuma gaskiya ba. Muna da 'yancin mu tambayi wakilanmu a majalisa me ya sa ba za a tsayar da canjin fito na wata uku ko shida ba domin mai shigo da kaya ya san lissafinsa. Muna iya tambaya me ya sa tashoshin tudu na Kaduna da Dala a Kano, waɗanda aka buɗe a 2018 da 2023, ba su zama wurin da ɗan arewa zai biya fiton motarsa kusa da gida ba. Muna iya tambaya ko ba gara a buɗe taga ɗaya ko biyu a bakin iyaka a karɓi kuɗin a fili ba, maimakon a bar shi yana zubewa a aljihun masu shingen hanya. Muna kuma iya tambaya me ya sa mai saye na ƙarshe ne kullum ake kamawa, alhali kowace takardar da aka rage wa kuɗi tana ɗauke da sunan ejan da ya shigar da ita da na jami'in da ya sake ta.

Saura magana guda ga ma'aji da sakatare. Bas ɗin da aka saya da kuɗin jama'a a yi mata rajista da sunan amintattun ikkilisiya ko na ƙungiyar, kada a sa sunan shugaban kwamiti ko na fasto don saurin aiki, gama ana canza wa fasto wurin aiki, shugaba kuma yakan rasu magada su tarar da takarda da sunan mahaifinsu. A karɓi yarjejeniyar saye da sa hannun mai sayarwa da shaidu biyu, a rubuta lambar shasi a cikinta, a ƙara layin da ke cewa in kwastan ta nemi cikon fito mai sayarwa ne zai biya ko ya mayar da kuɗi. Takardun kwastan na asali a ajiye su a ofis tare da takardun fili, direba ya riƙa yawo da kwafi.